Lafiya Lau, Sai Dai

Cheras, Kuala Lumpur

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi miki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma yi miki gaisuwar ɗa ga uwarsa, tunda sunan mahaifiyata kika ci, kika haɗa har da taurin kanta. Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake tafiyar da za ta yi ba ta wuce daga ɗakina zuwa naki ba. Na san za ki yi dariya, gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma Abba ya zauna rubuta wasiƙa. To, akwai maganar da in na ce baki da baki zan faɗa miki, ke za ki sunkuyar da kai ki ce "okay Abba", ni kuma in sa miki albarka, mu tashi ba a faɗi komai ba. Da gangan na rubuta da Hausa. Ki karanta a hankali, inda kika maƙale ki tambayi Mamanki. Manyan baƙaƙen da kika gani kuma ba faɗa ba ne, su ne nake iya gani yanzu.

Mamanki ta gaya min. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata, don na lura akwatin da ta saya miki yana nan bayan ƙofa ko ledarsa ba a cire ba. Ta ce kina shirin rubuta wa mutanen Japan su ba wani gurbinki saboda idona, saboda ke ce mai tuƙa ni asibiti da masallaci. Ni kamfanin motocin nan da na yi wa aiki har na yi ritaya, reshensa kawai na sani, na nan bayan gari. Ke kuwa uwar masana'antar ce ta kira ki can ƙasarsu za ta horar da ke. Kina shirin ce musu a'a, amma kullum na tambaye ki shirin tafiya sai ki ce min ba komai, ana kai. Ban yarda ki fasa ba, Ummi. Ba kuma zan yi miki tsawa ba, labari zan ba ki, domin wannan "ba komai" ɗin a wurina kika koye shi.

Ke a nan aka haife ki, ba ki san nauyin sunan kamfanin nan a gida ba. Ina yaro, mota ɗaya ce take shigowa ƙauyenmu ranar kasuwa, wata tsohuwar a-kori-kura ƙirarsu. Fenti ya daɗe da guduwa daga jikinta, ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. A zuba mata buhunan gero, a ɗora awaki, mutane su hau saman buhunan, har ka ce yau kam ƙasa za ta zauna, amma da an murɗa makulli sai ta amsa. Da damina manyan motoci su kafe a taɓo, ita ta ratsa ta gefensu ta wuce. A bayanta na bar gida zuwa makarantar kwana, ina rungume da akwatin ƙarfe, akuya tana cin gefen rigata. Har gobe in kika je wajen dillalan mota a Kano za ki ga suna ta zuba yabo a kan sauran motoci har bakinsu ya bushe, amma in an zo kan ta kamfanin nan sai su kira sunanta kawai su yi shiru. Kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuwa ko a ƙaramar tasha sai kin samu.

Duk da na san wannan, da na zo karatu a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, nan Kuala Lumpur, kuma Mamanki ta tashi zuwa daga Kano, sai girman kai ya taso min. Na ce amarya ba za ta shiga irin motar da kowa yake shiga ba. Baba Bitrus, maƙwabcinmu, a lokacin ɗaki ɗaya muke, ya yi ta roƙona in sayi 'yar ƙaramar ƙirar Japan in huta. Na ƙi. Na je na kinkimo wata doguwar gwanjo ta Turai mai kujerun fata, baƙa wuluk, sai sheƙi take. Ranar da na fara fita da Mamanki ganin gari aka tsuge da ruwa irin na ƙasar nan, motar ta yi tari ta mutu a tsakiyar titi. Na fita ina turawa, babbar rigata ta manne a jikina, masu tasi suna ta danna min ham. Mamanki tana ciki ta rufe baki da gyale. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce. Har yau in ta so tsokanata sai ta tambaye ni ko an samu labarin amaryar Turai.

Na kawo wannan ne don abin da za ki tarar. In kin je ba za a ba ki ofis mai sanyi ba. Rigar aiki irin ta kowa za a miƙa miki, da hula, da takalmi mai nauyi, a tsayar da ke a layi kina ɗaure noti har ƙafarki ta yi tsami, duk da takardar nan taki da muka sa a gilashi a falo. Kada ki raina wannan tsayuwar. Ni ma sai da na bar kallon sheƙi na fara gane aiki.

Da na shiga kamfanin aka zaunar da mu aka ba mu tarihinsa, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba da mota suka fara ba. Da saƙa suka fara. Wanda ya kafa gidan ɗan kafinta ne, ya tashi yana ganin wahalar da mahaifiyarsa take sha a gaban masaƙa, ya yi ta ƙoƙari har ya ƙera injin saƙa wanda da zare ɗaya ya tsinke zai tsaya da kansa, don kada ya ci gaba da fitar da yadi mai aibi. Ina jin haka sai Inna ta faɗo min a rai, mai sunanki. Ita ma in tana kaɗi zare ya tsinke, ba ta taɓa wucewa, sai ta tsaya ta haɗa, ko da kuwa tuwo yana kan wuta. Ɗan mai injin saƙar nan shi ya juya ga mota. Kada kuma ki ɗauka hanya ta miƙe musu tun daga nan. Bayan yaƙi sun kusa rufewa, har suka sallami ma'aikata, shugaban kansa ya sauka. Motocin farko da suka kai Amurka ba su iya gudun manyan titunan can ba, aka yi musu dariya. Suka koma gida suka gyara, suka sake dawowa. Ko a shekarun baya da aka samu matsala a wasu motocinsu, kiran motocin suka yi a dawo da su, babbansu ya fito gaban duniya ya ba da haƙuri. Mutane suna cewa motarsu ba ta lalacewa. Ni da na zauna a ciki na san ba haka zancen yake ba. Suna kuskure kamar kowa, abin da suka ƙi shi ne a rufe kuskuren a wuce.

Shi ya sa a saman layin haɗa mota suka rataya igiya. Duk wanda ya ga abin da bai yi masa ba, ko jiya aka ɗauke shi aiki, yana da ikon ya ja ta. Fitila ta kama, shugaban sashe ya taho da sauri, in ba a warware ba layin gaba ɗaya ya tsaya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba a yi wa wanda ya ja faɗa. Godiya ake masa.

Shugabana na farko wani dattijo ne ɗan Japan, gajere, kai fari fat, a gida muna kiransa Mai Furfura. Ba za ki tuna shi ba, kina goye ya koma ƙasarsu. Kowace safiya zai biyo ta sashena, hannu a baya, ya tsaya ya ce, "Any problem?" Ni kuma in rusuna in ce, "No problem, sir." Wallahi Ummi, a kunnena gaisuwa ce. Babba ya tsaya a kanka da safe ya tambaye ka, me za ka ce masa? Mu da ake ce mana ina gajiya mu ce babu gajiya alhali ƙafa ba ta ɗaukar mu. Mu da za a je duba mutum a gadon asibiti, numfashi da ƙyar, a ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Haka aka rene ni, kuma ban taɓa jin cewa ƙarya nake ba.

A kwanakin nan kuwa akwai wani injin ɗaure noti a sashena da sautinsa ya canza. Ba kullum ba, jefi-jefi. Na ji shi sarai. Na ce a raina zan lallaɓa in gano abin da kaina in gyara, ba sai na ɗaga wa dattijo hankali ba, ga ni baƙo, ga ni baƙar fata ɗaya tilo a wurin, kada a ce daga zuwana na fara kawo ƙorafi. Igiyar tana lilo a saman kaina ban taɓa ta ba. Sai da masu duba mota a ƙarshen layi suka tarar da notin da bai ɗauru sosai ba a ƙafar wata mota. Aka tsayar da komai. Duk motocin da suka bi ta hannuna a kwanakin, waɗanda aka riga aka jera a fili ana jiran ɗauka, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin rana. Allah ya rufa asiri ko ɗaya ba ta fita ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don mutanen da suke gasuwa a ranar nan ba su suka yi laifin ba.

Mai Furfura ya kira ni. Na tafi na gama sallama aikin a raina. Bai ko yi maganar injin ba, ya ce inji dama yana lalacewa. Abin da yake so ya sani shi ne me ya sa kullum nake ce masa babu matsala. Sai na gaya masa gaskiya, cewa a garinmu in babba ya gaishe ka da lafiya kake amsawa, ko gidanku ne yake cin wuta. Ya tambaye ni, to in gidan yana cin wutar, yaushe ake faɗa? Na ce ai bayan an gama gaisawa, sai mutum ya ce lafiya lau, sai dai kaza. Ya sa na maimaita masa kalmomin har ya riƙe.

Washegari ya biyo kamar kullum, hannu a baya. Ya tsaya a gabana ya ce, da Hausarsa mai ban dariya, "Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Bai motsa ba. Ya ɗaga gira ya ce, "Sai dai?"

Haka muka yi ta yi da shi har ya bar ƙasar nan. Wata rana in ce babu sai dai yau, ya yi min kallon bai yarda ba, ya ce in sake dubawa. Kuma in na duba sai na samu. A wurin mutumin nan na gane ashe mu ma muna da igiyarmu a cikin harshenmu, nauyin baki ne yake hana mu ja.

Don haka ga shawarata. Kada ki yar da gaisuwarki. Ita ce adonmu, kuma mutanen can ma masu ladabi ne, za su gane ta. In sun rusuna miki ki ɗan rusuna kamar yadda kike yi wa manya a gida, ba ruku'u ba ne, kada ki sa wa kanki waswasi. Amma in kin gama lafiya lau, ki ƙarasa. In kin ga abin da bai yi daidai ba, ko na wanda ya haife ki ne a shekaru, ki faɗa, da ladabi, a kan lokaci. In ba ki gane bayani ba ki ce ba ki gane ba, kada ki gyaɗa kai. In ke kika yi kuskuren, ki riga kowa faɗa. Kara tana da wurinta, a gidan suruki da wajen rabon nama, amma ba a yi wa birki kara. Motar da za ta bi ta hannunki, wata rana wani ne zai loda mata iyalinsa ya hau hanyar Zariya da ita, bai san sunanki ba, ya dai yarda da ke.

Sauran ƙananan abubuwa Mamanki ta fi ni sani. Ni dai nawa, ki sami gajeren hijabi wanda za ki cusa cikin riga, kada ki matsa kusa da inji da wani abu yana reto a jikinki. Maganar wurin sallah da abinci ki yi ta tun ranar farko, kai tsaye, kada ki yi ta cin biskit a ɓoye kina cewa kin ƙoshi. Na san halinki. Kina ƙarama kin taɓa yini da takalmin da ya matse ki har ƙafa ta yi ƙuna, don kawai ni na saya.

Yanzu sai mu zo kan idon. Za ki ɗauka wanda ya sha wancan darasi ya warke, to bai warke ba. A masana'anta na koyi jan igiya, har na koya wa na bayana, amma da na dawo gida sai in rataye darasin tare da rigar aiki. Na daɗe ina ganin gefen idona na hagu yana duhu. Na yi karo da ƙofa, Mamanki ta tambaya, na ce gajiya ce. Na miƙa hannu zan ɗauki kofi na kuskure, kika kalle ni, na ce ba komai. Da na je asibiti likita ta ce hawan jinin ido ne, kuma da na zo da wuri da an tare da yawa. Tun daga nan in kin ce ya ido sai in ce da sauƙi, ke kuma kina gani ba sauƙin, shi ya sa kika daina yarda da bakina kika yanke hukunci ke kaɗai. Ban ga laifinki ba. Wanda ba a gaya wa gaskiya ba dole ya ɗauka abin ya fi haka muni.

To ga ta. Lafiyata lau, ina ci, ina barci, ƙafata da ƙarfinta. Sai dai idon hagu ya tafi, kuma ba zai dawo ba. Na dama yana gani, amma ganin ya ƙuntata, kamar mai leƙe ta taga. Maganin da nake ɗigawa yana riƙe da shi, kuma za a yi min aiki a kansa. Likita ta ce tana da kyakkyawan zato, amma ba ta yi min alkawari ba, ni ma ba zan yi miki ba. Tuƙi na bar shi har abada, kuma ya yi min ciwo ƙwarai, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin motoci. Akwai ranakun da nake jin tsoro. Iyakar abin ke nan, ban rage komai ba.

Ki duba da kyau, a cikin duk abin da na lissafa babu wanda zamanki zai gyara. Direba kawai za ki zame min, ni kuwa ban yi ta jigilar ki makaranta don in samu direba ba. Kuma direbobin ma sun yi min yawa. Mamanki, wadda ta ajiye lasisinta a durowa tun tuni don tsoron titunan Cheras, ta ɗauko shi. Shekaranjiya kina wajen ƙawarki ita ta kai ni asibiti. A hankali take tafiya, har masu keke suna wuce mu, tana ta salati a kowane shataletale, amma mun je mun dawo. Baba Bitrus kuma da na yi masa zancen Juma'a ko bari in ƙarasa bai yi ba.

Ya ce, "Haba Malam, boleh lah, zai yiwu mana. Ni ma retiree ne, me nake yi a gida? In sauke ka a Masjid India, in zauna a mamak, shagon mai shayi, in sha shayi har ku idar, mu yi tapau, a ƙunshe mana abinci, mu dawo. Just allow the girl to go."

Ranar Lahadi ce kawai ya ce kada in neme shi sai an tashi daga coci. Jirgin ƙasa ma na gwada shi ni kaɗai, daga nan har cikin gari, ban ɓata ba.

Ummi, ban iya yabon 'ya'ya a gabansu ba, haka aka yi mu. Yau dai zan faɗa. Ina alfahari da ke. Ranar da takardarki ta zo na ce miki madalla kawai na shige ɗaki, kika ɗauka ban damu ba. Shiga na yi don kada ki ga fuskata. Yaron da ya bar ƙauye a bayan a-kori-kura, 'yarsa ce masu ƙera a-kori-kurar suka aiko wa da kansu. Babu wanda ya yi miki hanya, ko sunana ba ki saka ba, sai daga baya na ji. Na kira 'yan'uwa a gida na gaya musu har sai da Mamanki ta ƙwace wayar. Kuma tunanin da kika yi na fasawa saboda ni, shi ma ina alfahari da shi, na karɓa, Allah ya ba ki ladansa. Amma na mayar miki da shi.

Bahaushe in ya ce yana so ya ga bayan mutum, mugun nufi ne. Ni kuwa da alheri nake so in ga bayanki, a filin jirgi, kina tafiya ba kya waiwaye. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da aka ba ki rigar aiki da hula, ki sa wani ya ɗauke ki hoto a gaban layin, a wuri mai haske, ya matso kusa yadda fuskarki za ta cika hoton. Ki turo min a ranar. Kada ki ce sai kin saba, ko sai kin samu wanda ya fi kyau. Ina so in gan ki a ciki da idona, kuma ban san tsawon lokacin da aka ba ni ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa albarka a hannunki da duk abin da zai bi ta cikinsa. Ya kare miki addininki da mutuncinki a inda babu mai ganin ki sai Shi. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min. Ki tashi ki shirya, Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Abbanki